Gwajin sikila kafin aure: yadda ake yin sa da yadda ake karanta takardar

Tun shekarar 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure a jihar Kano, kuma gwajin jinotayif, wato wanda yake nuna ko mutum ya gaji sikila a jininsa, na cikin waɗanda ake nema. Sai dai mutane da yawa ba sa zuwa sai an kai lefe, an buga katin gayyata. A lokacin takardar ba ta da sauran amfani sai cika sharaɗi, domin babu mai ƙarfin zuciyar janyewa. Lokacin gwaji shi ne tun kafin manya su shiga magana.

Kafin a je dakin gwaji yana da kyau a san abin da ake nema. Ƙwayoyin gado rubutu ne da haruffa huɗu, A da T da G da C, kuma jiki yana kwafe shi duk sanda ƙwayar halitta za ta rabu biyu. Wani lokaci a yi kuskuren kwafi. Wani lokaci kuma wani abu ne daga waje yake ɓata rubutun, kamar hayaƙin taba, ko gubar aflatoksin da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, wadda take kai ga dajin hanta. Sauyin da ya faru a hanta ko huhu yana tsayawa kan mai shi. Wanda ya faru a maniyyi ko ƙwan mace shi ne ake gada.

Sikila daga irin na biyun take. A ƙwayar gadon da ke gina himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, harafi ɗaya tak ya sauya: GAG ya koma GTG. Himoglobin ɗin da ya sauya ana kiransa S, lafiyayye kuma A; wanda ya gaji S daga uba da uwa duka shi ne SS, mai ciwon, wanda ya gaje shi daga ɗayansu AS ne, wanda ya gaji A daga dukansu kuma AA. Sakamakonsa, idan iska ta yi ƙaranci sai jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi. Lafiyayyar ƙwaya tana yin kwana 120, mai lauje kuwa 10 zuwa 20 take yi ta mutu. Daga nan ciwon ƙashi da ƙarancin jini da shawara suke tasowa. Abin da ya sa sauyin ya yawaita a ƙasarmu shi ne mai ɗauke da S guda ɗaya yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kamar yadda wani mai bincike, Anthony Allison, ya nuna a 1954. Yau kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne, kuma lafiyarsa lau. Ba a gane shi da ido.

Ga yadda za a yi gwajin. A je asibitin da gwamnati ta amince da shi, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala. Ba a buƙatar zama da yunwa. Za a ɗebi jini mililita 2 zuwa 3 daga jijiyar hannu a zuba a kwalba mai murfi ruwan hoda mai duhu, wadda ke da sinadarin EDTA da ke hana jini daskarewa. Ka tsaya ka ga an rubuta sunanka a jikin kwalbar a gabanka. Musayar kwalabe na cikin manyan dalilan da mutum zai ji an ce masa AA bana, baɗi a ce AS.

Sannan ka tambayi wace hanya za a bi, domin ba duka suke daidai ba. Akwai gwajin da ake ɗiga sinadari a jini a duba ko zai yi lauje ko zai yi gurɓi. Wannan yana nuna akwai S ne kawai. Ba ya bambance AS da SS, kuma ba ya ganin C, wani irin himoglobin da shi ma ya sauya, ko kaɗan, saboda haka bai isa a yanke maganar aure da shi ba. Wanda aka fi yi shi ne ilektiroforesis: a ɗiga jinin a kan wata takarda ta musamman, a saki lantarki, kowane irin himoglobin ya yi tafiyarsa ya tsaya a nasa layin. Yana da kyau idan an yi shi da kyau. Inda yake lalacewa shi ne idan ruwan sinadarin ya tsufa, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ko jinin ya kwana a zafin Kano ba firji, ko ba a sa jinin kwatance mai ɗauke da sanannun himoglobin A da F (na jarirai) da S da C a gefe ba. Idan babu na kwatance, mai karantawa kintace yake yi. Mafi inganci shi ne gwajin injin da ake kira HPLC, wanda yake ba da kason kowane himoglobin cikin ɗari. Sai dai ya fi tsada.

Abu biyu ne suke ruɗa ko da injin kirki. Na farko ƙarin jini: wanda aka yi wa ƙari cikin wata uku zuwa huɗu da suka wuce yana ɗauke da jinin wani, har mai SS zai iya fitowa AS. A faɗa wa ma'aikaci, a jira. Na biyu jariri: kafin wata shida jininsa cike yake da himoglobin F na cikin ciki, don haka gwajin manya ba ya fitar da gaskiya. Jarirai suna da nasu gwajin, kuma akan maimaita bayan wata shida.

Kada a rikita wannan da rukunin jini. A da B da AB da O na ƙarin jini ne, ba su da alaƙa da sikila. Mai O zai iya zama SS.

Idan takardu biyu sun zo hannu, kowane yaro yana ɗaukar harafi ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. AA da AA ba su da matsala. AA da AS za su haifi AA ko AS, babu mai ciwo. AA da SS duk 'ya'yansu AS ne, wato mai sikila yana da wanda zai aura hankali kwance. AS da SS kuwa kowane ciki rabi da rabi ne.

Haɗin AS da AS shi ne wanda aka fi yi wa mummunar fahimta. Ana cewa ɗaya cikin huɗu, sai mutane su ɗauka idan an haifi huɗu ɗaya ne zai fito da ciwon, ko kuma sai na huɗu. Ba haka lissafin yake ba. Kowane ciki sabon lissafi ne: kashi 25 SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Ciki baya tuna abin da na baya ya haifar. Akwai gidan da 'ya'ya uku a jere duk SS ne, akwai wanda aka haifi shida babu ko ɗaya. Wanda ya ce maƙwabcinsa ya yi ya tsira, labarin maƙwabcinsa ya bayar, bai faɗi naka ba. Haka kuma AS da AC: kashi 25 na kowane ciki SC ne, shi ma sikila ce, ko da ta fi sauƙi, kuma tana taɓa ido da ƙashin ƙugu.

Akwai wani tarko da ba a cika magana a kai ba, wato beta talasimiya, wata matsalar gado da ke rage yawan himoglobin ɗin da jiki yake ginawa. Mai ɗauke da ita takardarsa takan nuna AA, amma idan ya auri AS za su iya haifar mai sikila. Ana gane ta idan HPLC ya nuna wani irin himoglobin da ake kira A2 ya haura kashi 3.5, kuma ƙirgen jini ya nuna ƙwayoyin ƙanana ne. Wannan ya sa idan AA da AS suka haifi mai ciwo, a koma wurin likitan jini a sake gwada su duka kafin kowa ya buɗe baki ya zargi matar.

Inda ake shirin auren zumunci, ko aka taɓa samun mai sikila a dangi, a yi gwajin sau biyu a wurare daban-daban. Idan sakamakon ya saɓa, HPLC ne zai raba gardama. Mai shirin ƙara aure ma ya tuna lafiyar 'ya'yan uwargida ba ta nuna shi AA ne, mai yiwuwa ita ce AA. A gwada shi, a gwada amarya, kuma kowannensu ya ga ainihin takardar ɗayan mai hatimin asibiti, ba hotonta a waya ba.