Kurakuran da fararen fata masu mara wa baƙaƙen fata baya suka fi yi, da yadda ake gyara su

A watan Afrilun 1963, Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, yana tsare a gidan yarin Birmingham, a jihar Alabama ta Amurka, ya rubuta wata doguwar wasiƙa. Waɗanda ya rubuta wa malaman addini ne su takwas, fararen fata, waɗanda ake yi wa kallon masu sassaucin ra'ayi. Sun fito a jarida sun ce zanga-zangar da King yake jagoranta babu hikima a cikinta, kuma lokacinta bai yi ba, a bi ta kotu, a zauna a tattauna. King ya ce ya kusa yanke hukuncin cewa irin waɗannan masu sassauci sun fi 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata mai yi wa baƙaƙe ta'addanci, zame wa baƙar fata ƙarfen ƙafa, domin sun fi son gari ya yi tsit a kan a yi adalci.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne daɗewa: mutumin da abin bai taɓa shi ba ya ce shi zai tsara wa wanda abin ya dama ranar da zai yi magana. A lokacin da malaman nan suke cewa a yi haƙuri, an cika shekara 100 da shelar 'yanta bayi ta Abraham Lincoln, an kuma kusa cika shekara 9 da hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata, amma a Birmingham kusan babu abin da ya motsa. Gyaran ba shi da wuya. Idan kana ganin wata dabara ba za ta haifar da ɗa mai ido ba, ka faɗa a cikin taro, a gaban waɗanda suka tsara ta, ka kuma zo da wadda ta fi ta. Fitar da sanarwa a jarida kana sukar mutanen da ake jefawa a kurkuku taimakon ɗaya ɓangaren ne, ko da niyyarka mai kyau ce.

Kuskuren da ya fi cin rai kuwa shi ne karɓe ragama. Frederick Douglass ya gudo daga bauta a 1838, ya shiga cikin masu yaƙi da bautar da mutane a arewacin Amurka, waɗanda William Lloyd Garrison yake kan gabansu. Mutane ne da suka sha jifa da zagi saboda wannan aƙida, babu mai ƙaryata musu haka. Amma Douglass da kansa ya ba da labarin yadda ɗaya daga cikinsu ya ce masa shi dai ya riƙa ba da labarin abin da ya faru da shi, su za su kula da fashin baƙi. Har shawara aka ba shi ya bar ɗan salon maganar gona a bakinsa, kada iliminsa ya sa a ƙi yarda cewa ya taɓa zama bawa. Wato sun yarda da shi a matsayin shaida, ba su shirya ganin shi a matsayin mai tunani ba. A 1847 ya koma Rochester ya kafa jaridarsa, North Star, duk da cewa abokan nasa ba su so ba.

Bayan shekara 120, irin wannan ya faru a Afirka ta Kudu. A 1967 ƙungiyar ɗalibai ta NUSAS, wadda fararen fata masu adawa da mulkin wariya suke jagoranta, ta yi taronta a Jami'ar Rhodes. Da dare ya yi, wakilai fararen fata suka wuce ɗakunan kwanan jami'a, baƙaƙe kuwa aka kai su wani ginin coci a unguwar baƙaƙen fata. Shugabannin ƙungiya suka kawo ƙudurin yin Allah wadai da hukumar jami'a. Wani ɗalibin likitanci, Steve Biko, ya ce a dakatar da taron baki ɗaya har sai an sami wurin da kowa zai kwana tare. Aka ƙi. An yi tir a takarda, kowa ya koma ya kwanta inda dokar wariya ta ajiye shi. Daga nan Biko da abokansa suka fara shirin kafa tasu ƙungiyar ta ɗalibai baƙaƙen fata, SASO, wadda aka ƙaddamar a 1969. A Amurka ma, ƙungiyar ɗalibai masu yaƙi da wariya ta SNCC ta kaɗa ƙuri'a a ƙarshen 1966 cewa fararen fata su bar cikinta.

Mutane da yawa suna karanta wannan a matsayin ƙiyayya ga fararen fata. Ni ban ga haka ba. Abin da ke faruwa a irin waɗannan ƙungiyoyi a fili yake: wanda ya yi makaranta mai kyau shi ya iya rubuta sanarwa, shi ya san 'yan jarida, shi ke da lambar masu ba da kuɗi. Kafin a ankara ya zama sakatare, ya zama mai magana da yawu, manomin da aka hana rajistar zaɓe kuma ya koma zaune a baya yana gyaɗa kai. Babu wanda ya shirya haka, amma sakamakon ɗaya ne. Gyaran shi ne mai ƙwarewar ya koyar da ita, ya miƙa lambobin wayar, idan ɗan jarida ya nufo shi ya nuna masa mai lamarin.

To ina za su nufa idan an ce su ja baya? Amsar da Stokely Carmichael, shugaban SNCC a lokacin, da Biko suka bayar kusan ɗaya ce: su koma cikin danginsu, domin can ne wariyar take da gida. Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙaƙen fata a Amurka, shi ma nan ya tsaya daga ƙarshe. Ya taɓa gaya wa wata ɗaliba farar fata da ta tambaye shi abin da za ta iya yi cewa babu komai. Bayan ya yi aikin Hajji a 1964, ya ci abinci a akushi ɗaya da Musulmi fararen fata, ya ce ya yi nadamar wannan amsa, da ya ce mata ta je ta yi aiki a tsakanin 'yan uwanta. Wannan aikin ya fi shiga zanga-zanga wahala nesa ba kusa ba. A wurin zanga-zanga kowa ra'ayinku ɗaya, har tafi ake yi maka. A teburin cin abinci kuwa, lokacin da kawunka ya saki wata baƙar magana kowa ya kwashe da dariya, kai kaɗai ne, kuma gobe ma za ka sake ganin su.

Ga misalin waɗanda suka yi shi. A 1954, a Louisville ta jihar Kentucky, wani mai aikin lantarki baƙar fata, Andrew Wade, ya nemi gida a unguwar fararen fata, dillalai suka ƙi sayar masa. Wasu fararen fata, Carl Braden da matarsa Anne, suka sayi gidan da sunansu, suka mayar masa da takardu. Aka ƙona gicciye a kusa da gidan, aka yi harbi ta taga, daga baya aka tashi wani ɓangarensa da nakiya. Ba a taɓa hukunta kowa kan nakiyar ba. Carl aka gurfanar da laifin cin amanar jiha, aka yanke masa shekara 15, ya yi watanni a kurkuku kafin a soke hukuncin. Abin lura a nan shi ne Wade ne ya zo da buƙatar, su kuma suka ba da abin da fatarsu ta ba su, wato sa hannun da dillali ba zai yi wa tambaya ba.

Akwai kuma zama tauraron labari, wanda sau da yawa 'yan jarida ne ke jawo shi. A watan Fabrairun 1965 wani ɗan sandan jiha ya harbi Jimmie Lee Jackson, matashi baƙar fata, a garin Marion na Alabama, ya rasu bayan kwana 8. Mutuwarsa ce ta haifar da tattakin neman 'yancin zaɓe daga garin Selma. A watan Maris aka doke James Reeb, limamin coci farar fata da ya zo daga Boston, shi ma ya rasu. Shugaba Lyndon Johnson ya kira matar Reeb a waya, ya kuma ambaci mutuwarsa a gaban majalisa. Iyalan Jackson ba su ga irin wannan ba. Shekarar da ta gabata ma, da aka kashe wasu 'yan fafutuka uku a Misisipi, James Chaney baƙar fata da Andrew Goodman da Michael Schwerner fararen fata, masu neman gawarwakinsu sun ci karo da gawarwakin wasu baƙaƙen fata da babu wanda ya tashi hankalin ƙasa a kan ɓatansu. Matar Schwerner, Rita, ta gaya wa 'yan jarida kai tsaye cewa da Chaney kaɗai ya ɓata, shi da yake baƙar fata ɗan Misisipi, da ba a kula ba. Gyaran ke nan. Idan kyamara ta juyo kanka saboda launinka, ka faɗi dalilin da ya sa ta juyo, ka kira sunan wanda aka manta.

Zamanin intanet ya zo da nasa. Bayan kisan George Floyd, baƙar fata, a hannun ɗan sanda a Minneapolis ranar 25 ga Mayun 2020, miliyoyin mutane sun saka baƙin hoto a Instagram ranar 2 ga Yuni. Da yawa sun haɗa da maudu'in Black Lives Matter, wato rayukan baƙaƙen fata na da daraja, sai baƙaƙen hotunan suka binne sanarwar da masu zanga-zanga suke aika wa juna ta wannan hanya, har aka riƙa roƙon mutane su cire. A kwatanta da matan Black Sash, ƙungiyar mata fararen fata masu adawa da wariya a Afirka ta Kudu. Sun fara a 1955 da tsayuwa shiru sanye da baƙin ƙyalle, amma abin da aka fi tuna su da shi ofisoshin ba da shawara ne, inda suke zama da mutanen da dokar takardar izinin zama a birni ta rutsa da su, suna cike fom, suna rubuta wasiƙa, suna nemo lauya, shekara da shekaru. Aiki ne mai gundura, ba ya kyau a hoto.

"Ni ba na ganin launi" magana ce mai daɗin ji, sai dai kasuwa tana gani. Wani bincike da aka wallafa a 2004 ya aika takardun neman aiki iri ɗaya zuwa kamfanoni a Boston da Chicago, aka canza sunaye kawai. Masu sunaye irin na fararen fata sun fi samun kira da kusan kashi 50 cikin 100. Alƙaluman Babban Bankin Amurka na 2022 sun nuna matsakaicin gidan farar fata yana da dukiyar kusan dala 285,000, na baƙar fata kusan 45,000. Wanda ke zaune a kwamitin ɗaukar ma'aikata ya tambaya me ya sa duk sunayen da suka rage iri ɗaya ne, ya nemi a rufe sunaye kafin tantancewa.

Sai jiran godiya, da fushi idan an yi gyara. An ce maka kalmar da ka faɗa ba ta dace ba, sai taro ya koma lallashinka, abin da aka zo yi ya bi ruwa. Ka ce ka ji, ka gyara, a ci gaba. Haka kuma abokin aikinka baƙar fata ba malaminka ba ne da za ka riƙa tare shi kowace safiya ya yi maka bayanin wariya. Ɗalibanmu da ke karatu a Amurka sun san wannan gajiyar: ɗan Kano da ya sauka jiya a ce ya yi bayanin abin da jikokin bayi suke ji, alhali tarihinsa daban ne. Littattafai sun cika laburare.

Wasu kuma da suka ji duk wannan sai su noƙe, su ce su saurare kawai suke yi, kada su yi kuskure. Wannan ma kuskure ne, kuma ya fi sauran sauƙi. Bram Fischer, ɗan babban gidan Afirkana, wato fararen fatar da suka kafa mulkin wariya a Afirka ta Kudu, shi ya jagoranci lauyoyin da suka kare Nelson Mandela a shari'ar Rivonia, shi ma aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 1966. Denis Goldberg, farar fata da aka yanke wa hukunci tare da Mandela, ya yi shekara 22 a kurkukun Pretoria. Bob Zellner, farar fata ɗan Alabama wanda kakansa ɗan Klan ne, ya shiga SNCC a 1961, ya sha duka da ɗauri. Da ƙungiyar ta ce fararen fata su fita, abin ya yi masa zafi, ya nemi a bar shi, aka ƙi. Sai shi da matarsa Dottie suka koma New Orleans suka fara aikin wayar da kan ma'aikata fararen fata na kudancin Amurka, har suka taimaka wajen haɗa masu saran itace baƙaƙe da farare a Misisipi cikin yajin aiki ɗaya.