Darasi na 9: Ciwon Bayan da Ya Ƙi Tafiya

A ajinmu na yamma a nan Kaduna, kafin a yi rabin awa sai ka ga wani ya dafa ƙugu ya miƙe tsaye, ko wata ta gyara zama a kan benci tana cije leɓe. Yawancinmu mun ba shekara 40 baya. A cikinmu akwai wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana dakon buhuna a Kasuwar Sheikh Gumi. Akwai tela daga Kasuwar Barci, da mai ɗaga ƙarafa a Panteka, da direban Keke da ke fita tun asuba, da tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri. Akwai kuma iyayenmu mata da suka goyi 'ya'ya, suka yi daka, suka yi wanki a duƙe shekara da shekaru. Saboda haka darasin yau namu ne. Mu karanta shi a hankali, wanda ya gaji da zama ya tashi ya saurara a tsaye.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma babu ciwon da ya kai shi hana mutane aiki. Idan ciwon ya wuce wata 3 bai tafi ba, shi ake kira ciwo mai daɗewa.

Gammon da ke cikin baya

Kowa ya kai hannu tsakiyar bayansa ya shafa daga wuya zuwa ƙasa. Waɗannan ƙulle-ƙullen da kuke ji ƙasusuwa ne ƙanana, an jera su ɗaya bisa ɗaya. Guda 33 ne: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran 9 na can ƙasa kuma sun manne da juna. Ta tsakiyarsu laka ta bi, daga lakar kuma jijiyoyi suke fita zuwa hannuwa da ƙafafuwa.

Ƙashi ba ya zama a kan ƙashi haka kawai. A tsakaninsu Allah ya sa wani guringuntsi mai kama da faifai, guda 23, wanda a asibiti za ku ji ana kira diski. Ni gammo nake ce masa, domin aikinsu ɗaya. Mace ba ta ɗora tulu a kan tsurar kai, sai ta naɗa gammo ya tare mata nauyi. Gefen diskin yana da tauri kamar tayar mota, tsakiyarsa kuma da laushi, cike da ruwa. In mun wuni a tsaye nauyin jiki yakan matse ruwan, in mun kwanta ya koma. Shi ya sa mutum ya fi tsawo da safe fiye da dare, da kamar santimita 1.

Gammon da ya daɗe yana ɗaukar kaya yakan kwanta, ya rage kauri. Haka diski. Da shekaru suka ja, ruwansa yakan ragu, ya sirance, wani lokaci gefensa ya tsage. In tsakiyar ta ɓullo ta wannan tsagar ta danne jijiya, sai ciwon ya bar ƙugu ya gangara ta ɗuwawu zuwa cinya, har tafin ƙafa, mutum ya ji kamar wutar lantarki ta ja shi ko ana tsira masa allurai. Diski biyu na can ƙasan ƙugu su suka fi gajiya, don su ke ɗauke da mafi yawan nauyi. Bayan shekaru, akwai gado, da shan taba, da ƙiba, da aikin ɗaga kaya ko dogon zama a abin hawa mai jijjiga.

Da yawa a cikinmu in baya ya matsa sai mu ce basir ne, ko sanyi, wasu ma su fara zargin jifa. Daga nan sai a shiga sayen jiƙe-jiƙen basir wata da watanni, kuɗi na tafiya ciwo na nan.

"An ce ƙashina ya zaizaye"

Wannan maganar na ji ta a bakin mutane da dama bayan sun dawo daga ɗaukar hoto, kuma kusan kowa da karyayyar zuciya yake faɗinta. Ina so mu tsaya a nan sosai, domin tsoron da kalmar take sawa ya kan fi zaizayewar illa.

A 2015 wasu masana sun tattara hotunan bayan mutane fiye da 3,000 waɗanda babu abin da ke damunsu, ba sa jin ciwo ko kaɗan. A cikin 'yan shekara 20, kashi 37 cikin 100 diskinsu ya riga ya fara gajiya. A 'yan shekara 50, kashi 80. A 'yan shekara 80, kashi 96. Ku sake karanta waɗannan lambobin. Duk waɗannan mutane suna yawonsu lafiya lau. Ashe gajiyar diski kamar furfura ce, sai dai ita a ciki take fitowa. Hoto yana iya yin muni mai shi yana noma, wani kuma hotonsa ya yi kyau amma ciwo ya hana shi barci. Saboda haka likita nagari mutum yake dubawa, ya tambaye shi, ya gwada ƙarfin ƙafarsa, kafin ya koma kan hoto. In bai tura ku hoton MRI ba, kada ku ɗauka ya raina ciwon. Hoton yana da tsada, kuma sau da yawa ba ya canza maganin da za a ba ku.

Diskin da ya sirance ba ya komawa sabo, wannan gaskiya ce. Amma ciwon yana lafawa, kuma yawancin masu wannan lalura ba sa gurguncewa. Ko wanda diskinsa ya ɓullo ya taɓa jijiya, galibi yakan samu sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da an yanka shi ba.

Lokacin da ba a jira

Akwai alamomin da in an gan su, ba a kwana a gida. Idan fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suka fara zubowa ba da sanin mutum ba. Idan tsakanin cinyoyi da mazaunai ya mutu, ana taɓawa ba ya ji. Idan ƙafa tana ƙara rauni, tana jan ƙasa, takalmi na suɓucewa. Waɗannan suna nuna an danne manyan jijiyoyi, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu yana iya barin lahani na har abada. A tafi babban asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.

Haka kuma in ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin mota, ko ya zo da zazzaɓi, rama da gumin dare. Tarin fuka ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yana cin ƙashin baya har ya yi wa mutum ƙusumbi. Yana warkewa, kuma maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Motsi

Mun saba cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. A ciwon baya ƙin tashin ne ke cutarwa. Kwanciyar yini ɗaya ko biyu lokacin da ciwon ya taso babu laifi, amma wanda ya yi mako biyu a katifa naman bayansa da na cikinsa sai su saki, kuma su ne ke tallafe ƙashin. Diski ma ba shi da isassun hanyoyin jini, ta motsi yake samun abincinsa.

A fara da tafiyar ƙafa, minti 10 bayan Asuba ko da la'asar sakaliya, a riƙa ƙara kaɗan duk mako har a kai rabin awa. A gida kuma, a shimfiɗa tabarma a kwanta rigingine, a jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji a ƙirga 10, a sake ta, a jawo ɗayar. Sannan a kafa tafin ƙafa biyu a ƙasa, a ɗaga ɗuwawu sama a hankali, a ƙirga 5, a sauke. Ɗan tsamin jiki a kwanakin farko ba komai ba ne. In dai ciwon ya harba zuwa ƙafa, a dakata a nemi shawarar masu gashin ƙashi. Aikinsu ya wuce gasa wuri da na'ura: su ne za su koya wa kowa motsin da ya dace da nasa bayan.

Sauran gyaran a cikin aikin yau da kullum yake. Mai ɗaukar buhu ko jarkar ruwa ya lanƙwasa gwiwa, ya rungumo kayan kusa da jiki, kada ya murɗa ƙugu da kaya a hannu. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, a raba ta biyu ya fi. Inna, a ɗora bahon wanki a kan benci ko a kifa turmi a ɗora, a kuma ɗaura wa tsintsiya sanda. Tela da direba su miƙe su taka duk bayan minti 30 ko 40. Wajen barci, mai kwanciya ta gefe ya sa filo tsakanin gwiwoyi, mai rigingine ya sa a ƙarƙashinsu. Ba dole sai an koma kan siminti ba, katifar da ba ta lotsa ba ta isa. Tawul mai ɗumi a ƙugu yana kawo sauƙi.

Wasu dattawa suna tilasta wa kansu ruku'u da sujada suna hawaye, suna jin kunyar zama a kujera a masallaci. Addini bai ɗora mana haka ba. Sahabi Imrana ɗan Husaini ya yi fama da rashin lafiya, Annabi (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa.

Ga 'yan gida kuma ina da roƙo. Ciwon baya ba ya jini, ba ya kumbura a gani, shi ya sa ake saurin ce wa mai shi raki ko lalaci. Mutumin da ya saba ciyar da gidansa da ƙarfinsa, ranar da ya kasa ɗaga buhu abin da ke zuciyarsa ya fi na ƙugunsa nauyi. Damuwa da rashin barci kuwa suna ƙara wa ciwo zafi, likitoci sun tabbatar da haka. Ku zauna da shi ku yi hira, ku raka shi tafiyar yamma, kada ku bar shi shi kaɗai a ɗaki.

Magani

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗin kyamis, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda babu suna. Sau da yawa a ciki akwai ibuprofen da diclofenac tare, alhali dangi ɗaya ne, ba a haɗa su. Kowannensu yana rage ciwo in an sha shi bayan cin abinci na 'yan kwanaki, amma shan su kullum yana jawo gyambon ciki, ya lalata ƙoda, ya ta da hawan jini. Mai olsa, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu kada su sha sai likita ya ce. Wani haɗin kuma da dexamethasone a ciki, mai sa mutum ya ji garau yau, a kwana a tashi fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Farasitamol ya fi su sauƙin illa, ko da yake shi kaɗai bai cika kashe ciwon baya ba, kuma babba ba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini.

Tiramol kuwa mun ga abin da ya yi wa matasan unguwanninmu. Da yawa don su jure aikin ƙarfi suka fara, yanzu ba sa iya tashi sai da shi. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 kan ciwon baya mai daɗewa, ta ce kada a dogara da irin waɗannan ƙwayoyi, haka ɗamarar ƙugu da jan baya da na'ura. Abin da ta ƙarfafa shi ne ilimantar da mai ciwo, motsa jiki, tausa, da taimaka masa ya rage tsoro da damuwa.

Masu zuwa ƙaho ko tsaga wajen wanzami su tabbatar sabuwar reza ce aka ɓare a gabansu, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin aska. Kada kuma a bari wani ƙato ya hau bayan mai ciwo yana takawa.

Tiyata tana da wurinta, amma mutane kaɗan ne ke bukatarta: wanda ya ga alamomin haɗarin da muka karanta, ko wanda ciwon ƙafa ya ƙi lafawa bayan watanni ana magani. Akan cire ɓangaren diskin da ya danne jijiya, wani lokaci a haɗe ƙashi biyu da ƙarfe. Ta fi taimakon ciwon da ke sauka ƙafa fiye da na ƙugu zalla. Wanda aka ce za a yi masa, yana da haƙƙin ya tambaya: me zai faru in ban yi ba, kwana nawa zan yi ban koma aiki ba, nawa ne kuɗin gaba ɗaya?

A fara daga asibitin unguwa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum gaba, kamar Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, na Gwamna Awan a Kakuri, ko Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Manyan ayyukan ƙashi da laka akan kai su Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Wanda bai shiga inshorar lafiya ta jiha ba, wato KADCHMA, ya tambaya a asibitin unguwarsa yadda ake rajista.

Aikin gida

Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku a littafinku: ƙugu, laka, jijiya, guringuntsi, diski.

Sannan kowa ya samu takarda ya amsa da hannunsa, ko da jimla ɗaya-ɗaya ce. Yaushe ciwon ya fara? A ina yake tsayawa, ƙugu ko har ƙafa? Me ke ta da shi, me ke kwantar da shi? Minti nawa nake iya tafiya kafin in nemi wurin zama? Wannan takardar ku ajiye ta, ita za ku miƙa wa likita ranar da kuka je.

Mako mai zuwa kowa ya zo da kwalin duk maganin da yake sha, har da na leda. Za mu karanta sunayensu tare a kan allo.