Yadda ake adana kwafin fayilolin kwamfutar gida da yadda ake dawo da su

Kwamfuta ba ta sallama kafin ta mutu. A Kaduna kuwa dalilai ba sa wuya: a ɗauke wuta a dawo da ita da ƙarfi, ƙurar hunturu ta toshe fanka, ko a sunkuce laftof a cikin Keke. Mai gyara zai sake sa maka Windows a yini guda, amma ba shi da inda zai samo maka hotunan biki ko furojet ɗin ɗalibi.

Fara da ware abin da kuɗi ba ya sayowa: takardun fili da ka ɗauki hotonsu, lissafin shago, aikin makaranta. Tara su a foldar Documents. Finafinai da manhajoji ƙyale su, ana sake saukewa.

Daga nan sai ƙa'idar 3-2-1: kwafi 3, a kan ma'aji iri 2, kuma 1 ya kwana a wajen gidanka.

Na farko shi ne wanda ke cikin kwamfutar. Na biyu faifan ajiya na waje, mai terabait 1 ya ishi yawancin gidaje. Jona shi, shiga Control Panel, buɗe File History, zaɓi faifan, ka kunna. Mai Mac ya nemi Time Machine. Da ya gama, zare shi ka sa a durowa. Nan ne mutane ke sakaci. Faifan da ke jone dare da rana, wutar da ta ƙone kwamfutar na iya haɗawa da shi, haka ma manhajar 'yan neman kuɗin fansa, irin WannaCry da ta kulle fayiloli a ƙasashe sama da 150 a watan Mayun 2017.

Filash kam ban yarda a dogara da shi kaɗai ba. Jabu sun yi yawa: a jiki an rubuta gigabait 64, yana karɓar kaya ba musu, sai ranar buƙata fayil ya ƙi buɗuwa. Gwada sabo da manhajar H2testw kafin ka ba shi amana.

Na uku ya tafi intanet. Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta, amma Gmail da Google Photos na ci daga ciki. OneDrive 5 ne. Ka kula, in foldarka ta Google Drive ko OneDrive na daidaita kanta da kwamfuta, abin da ka goge a nan ya gogu a can, kwana 30 kawai zai yi a kwandon shara. Idan data ta yi maka tsada, sayi faifai na biyu ka kai gidan yayanka a Kawo ko Barnawa, musamman in gidanku na bakin kogin Kaduna, inda ruwa kan shiga gidaje da damina.

Saura shirin ranar tsautsayi. Samu filash mai gigabait 16 ko fiye, rubuta Recovery Drive a wurin binciken Windows, ka bi umarnin. Da shi ake tayar da kwamfutar da ta ƙi tashi. Idan BitLocker, wato makullin da Windows ke sa wa faifan kwamfuta, na kunne, kwafe lambobi 48 na buɗe shi daga asusunka na Microsoft a takarda, tare da kalmomin sirri, ka sa cikin takardun gida. Kada ka bar su a waya kaɗai, don sau da yawa jaka ɗaya suke da laftof ɗin.

Duk ƙarshen wata, jona faifan ya ɗauki sababbin fayiloli, sannan ka zaɓi hoto ɗaya da takarda ɗaya ka dawo da su wata folda, ka buɗe. In sun ƙi buɗuwa, sake kwafin a ranar, tun na asali na nan.