Yadda Ake Zana Tambarin Jaridar Unguwa

Duk wanda ya taɓa fitar da 'yar jaridar unguwa ko ta ƙungiya a garin Garwa na Kamaru ya san cewa akasarin kwafinta daga injin fotokofi suke fitowa, baƙi da fari, a kan takardar A4 mai faɗin santimita 21. Saboda haka, kafin a yi maganar launi, sai mai zane ya ɗauki fensir ya fara da baƙi zalla, domin tambarin da kyansa ya dogara ga launi, da zarar ya bi ta injin nan sai ya koma toka-toka.

A zaɓi alama guda ɗaya tak wadda mutanen wurin za su gani su ce tasu ce. Gadar kogin Binuwai, ko furen auduga, ko ƙofar zaure mai zanko, ko aska takwas ta babbar riga, kowanne ya isa shi kaɗai, amma idan aka tara su wuri guda babu wanda ido zai riƙe. Alamar auduga tana buƙatar hattara, tun da a garin nan kamfanin auduga na Sodecoton da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Coton Sport suke, kuma bai dace a ɗauka jaridar tasu ce ba. Dagin Arewa yana da kyau, sai dai mutane da yawa suna danganta shi da Arewacin Najeriya, don haka ya kamata kwamiti ya zauna a kansa tukuna. A kuma nisanci alamar kowace jam'iyya, domin jaridar unguwa ta kowa ce.

Rubutun suna shi ne inda na fi ganin ana tuntuɓe. Salon haruffa da yawa na kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga harafin ya fito daban da 'yan'uwansa, ko wani ɗan akwati ya maye gurbinsa. Salon haruffan Charis SIL da Andika da Noto Sans duk suna da su, kuma kyauta ne. A ganina sunan Hausa ya zauna a sama da manyan haruffa, Faransanci ya biyo ƙasa da ƙanana. Idan akwai dattawan da ajami ya fi musu sauƙi, a roƙi malami mai kyan hannu ya rubuta sunan da tawada, a ɗauki hotonsa a haɗa, amma kada a sa aya ko sunan Allah, domin takardar tana iya ƙarewa a hannun mai ƙosai.

Bayan an amince da zanen takarda, a mayar da shi kwamfuta da manhajar Inkscape, a ajiye shi a tsarin SVG wanda ba ya dushewa ko an faɗaɗa shi zuwa girman allo, a kuma fitar da shi a tsarin hoto na PNG domin WhatsApp, inda ake yanke hoton zauren hira ya zama da'ira, kusurwoyi su ɓata.

Sannan a gwada shi. A rage shi zuwa santimita 2, a yi fotokofinsa, a sake yin fotokofin wannan kwafin, a kai wa tela da mai shago da wata dattijuwa ba tare da bayani ba, a tambaye su abin da suka gani. Layin da ya ɓace a ƙara masa kauri, abin da ba su gane ba a cire shi.