Yadda ake haɗa kayan ɗan sandan Jamus ta Yamma na 1976

Ga mai shirya fim ko baje kolin tarihi, fara da rigar ciki, domin nan aka fi kuskure. Launinta ruwan gora ne, wato rawaya-rawaya mai haske. Fara ko shuɗiya za ta ɓata zamanin nan take. Kwat da nakatayi kore ne mai duhu, wando kuma ruwan ƙasa. Heinz Oestergaard, wani mai tsara tufafi ɗan Jamus, ne ya tsara su.

Ɗinka tambarin jihar da ɗan sandan yake wa aiki a hannun riga na hagu. Taurarin kafaɗa su dace da muƙami: kore ga ƙanana, azurfa ga na tsakiya, zinariya ga manya.

Kada labarin ya wuce lokacinsa: jihar Hambag ta sauya kayan 'yan sandanta zuwa shuɗi a 2005, jihar Bavariya ce ta ƙarshe da ta sauya. A Jamus, sanya kayan a bainar jama'a ba izini laifi ne.