Tsohon katako da kayan gora: kurakuran da aka fi yi, da yadda ake gyara su

Teburin da na fara haɗawa da tsohon katako, daga wata tsohuwar ƙofa na ciro falankansa. Katako ne mai kauri, launinsa ya nuna irin nunar da shekaru kaɗai ke iya bayarwa. Na goge shi da samfefa, na shafa masa mai, na ɗaure samansa da firam da sukuru takwas, na matse su tamau don kada ya motsa. Wata huɗu da gama aikin, cikin dare, muka ji ƙara kamar an karya busasshen kara. Gari na wayewa na tarar da tsaga tun daga baki har kusa da tsakiya, ƙaramin yatsana na shiga ciki.

Katakon bai yi laifi ba. Ni ne na ɗauka tunda ya tsufa, ai ya gama bushewa. Wannan shi ne kuskuren da kusan kowane sabon shiga yake fara yi. Katako ba ya daina shan danshi daga iska yana kuma sakinsa, ko da ya shekara ɗari da sarewa. Ƙofar nan ta daɗe jingine a waje tana shan laima, ni kuma na shigo da ita ɗaki busasshe, na hana ta wurin tsukewa. Abin lura shi ne katako ta faɗinsa yake kumbura yana tsukewa, ta tsawonsa kuwa da ƙyar yake motsi. Saman tebur mai faɗin mita ɗaya yana iya ƙaruwa ko raguwa da kusan santimita guda tsakanin damina da rani. In bai sami hanya ba, sai ya kantare ko ya tsage.

Gyaran bai da wuya, haƙuri kawai yake so. A jera falankan a ɗakin da kayan za su zauna, ko wuri mai irin iskarsa, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane falanki don iska ta ratsa, a bar su mako biyu zuwa huɗu. Wanda ke da na'urar auna danshi ya duba: katakon cikin ɗaki ana so ya tsaya tsakanin kashi 6 zuwa 12 cikin 100, gwargwadon bushewar wurin. Wajen haɗawa kuma, a faɗaɗa ramin sukurun da ke jikin firam ya zama dogo ta ɓangaren faɗin tebur, yadda sukurun zai riƙe amma ya iya zamewa kaɗan. Mai ko fenti kuwa a shafa sama da ƙasa daidai. Wanda ya shafe sama ya bar ƙasa tsirara, ɓangare ɗaya zai riƙa shan danshi fiye da ɗaya, falankin ya lanƙwashe kamar kwale-kwale.

Tsagewar tebur asarar wahala ce kawai. Kuskuren da ya fi damuna shi ne wanda ke taɓa lafiyar mutane, wato ɗaukar katako saboda kyansa ba tare da an tambayi inda ya yi rayuwarsa ta farko ba. Wani katakon kyan ɗan maciji ne da shi.

A fara da falet, wato shimfiɗar katakon nan da ake ɗora kaya a kai a manyan motoci da jiragen ruwa. Mutane na son sa domin yana da sauƙin samu, ana yin gado da kujera da kanta da shi. Amma kaɗan ne ke juya shi su duba hatimin da ke gefensa. Falet ɗin da ya ƙetare iyakar ƙasa yana ɗauke da hatimi ƙarƙashin ƙa'idar ISPM 15, wadda aka amince da ita a 2002 don hana ƙwari bin katako daga ƙasa zuwa ƙasa. In ka ga HT, da zafi aka kashe ƙwarin: an dumama katakon har cikinsa ya kai digiri 56 a ma'aunin salsiyas na minti 30. In ka ga MB, an turara shi da metil buromaid, iska mai guba da Tarayyar Turai ta haramta amfani da ita tun 2010. Mai MB a bar shi inda yake. Ko mai HT ɗin ma, hatimin bai faɗa maka abin da aka ɗora masa daga baya ba. Idan akwai tabon mai, ko wani ɗigo mai launi, ko wari, ba ka san ko maganin ƙwari ne ya tsiyaya a kai ba, kuma samfefa ba ta kai inda ruwa ya kai.

Sai katakon layin dogo da turakun lantarki. Kaurinsu na jan ido, na sani. To amma sau da yawa abin da ya hana su ruɓewa shekara da shekaru shi ne kiriyosot, baƙin mai da ake samu daga kwaltar gawayin ƙasa, wanda ke tsatsafowa idan ya ji zafi, yana ƙona fata, yana cika ɗaki da wari. Haka katakon shinge da dandamalin waje mai ɗan kore-kore: sau da yawa an dafa shi da CCA, haɗin maganin hana ruɓewa da ke ɗauke da gubar asenik, wanda Amurka ta daina amfani da shi a katakon gidaje a ƙarshen 2003. Waɗannan ba kayan ɗaki ba ne, kuma ko guntayensu kada a ƙona, domin gubar tana fita a hayaƙi, tana kuma zama a toka.

Tsohon fenti shi ma haka. Ƙofa ko taga mai fenti hawa-hawa yana ɓarewa tana da kyau a hoto, shi ya sa wasu ke barin ta haka, wasu kuma su hau ta da injin guga. Dukansu biyu sun yi kuskure in fentin na da dalma. Amurka ta haramta fentin dalma a gidaje a 1978, amma har yau akwai ƙasashe da dama da ba su da irin wannan doka, don haka ba tsohon katako kaɗai ake zargi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi kamawa. Guga a bushe tana mai da fentin ƙura, ƙurar ta sauka a ƙasa, yaro mai rarrafe ya kwasa da hannu ya kai baki. A gwada fentin da ɗan abin gwajin dalma tukuna. In babu abin gwaji, a ɗauka akwai. A cire shi a waje da maganin narkar da fenti ko a kankare shi a jiƙe, da takunkumi da safar hannu, a tattara ɓawon a leda. Ba a ƙona shi da wuta. Ni dai ko an cire, ba na yin gadon yaro ko saman teburin cin abinci da irin wannan katako.

Ƙusa kuwa maganarta gajera ce: a bi kowane falanki da maganaɗisu mai ƙarfi kafin zarto ya taɓa shi. Baƙin tabo a jikin katako yawanci alama ce ta ƙarfe a ciki, ko da kan ƙusar ya karye ya shige.

Ƙwaro ya fi ƙusa ɓuya. Na taɓa rataye wata kanta, bayan 'yan makonni na riƙa ganin ɗan tulin gari mai laushi a ƙasanta, in share yau, jibi ya dawo. Da na ɗaga na duba, sai ga 'yan huji kamar an soka allura, bakinsu fari tas. Hujin da ya yi duhu tsoho ne, mai shi ya daɗe da tafiya. Wanda bakinsa ke da haske, gari na zubowa, tsutsar na ciki tana ci. Fenti ko mai ba ya kashe ta, rufe ta kawai yake yi. Kafin katako ya shiga gida, a ɗora shi kan baƙin ƙyalle mako biyu a gani. In gari ya zubo, a kai shi inda ake gasa katako, ko a jiƙa shi da ruwan boras, wani farin gari mai kashe ƙwari, tun ba a shafa masa komai ba. Ƙaramin abu irin firam ɗin hoto ana iya naɗe shi a leda a sa a firiza mai sanyi sosai na mako guda.

Gora ma wannan ne ciwonta. Tana da sitaci a jiki, shi ƙwari ke bi. Wadda aka sare ba ta kai shekara 3 zuwa 5 ba, ko ba a jiƙa ta a ruwan boras ba, ba ta daɗewa. Wani kuskuren kuma shi ne buga mata ƙusa kai tsaye, nan take take darewa. A fara huda ta, ko a ɗaure da igiya.

Akwai kuma masu ɗauka cewa duk abin da ya fito daga tsiro yana jure komai. Dardumar rama ko ta sisal, wani zare da ake samu daga ganyen tsiro, ba ta shiri da ruwa ko kaɗan: ta jiƙe, ta yi tabo, ta yi fumfuna, ta fara wari. Ba a sa ta a banɗaki ko bakin famfo, ba a kuma wanke ta da ruwa, kakkaɓewa ake yi. Kujerar saƙa kuwa rana ce abokiyar gabarta. In ta daɗe a hasken taga sai zaren ya bushe ya riƙa karyewa. A matsar da ita inuwa, a riƙa share ta da ƙyalle mai ɗan danshi, a bar ta ta sha iska.

Wajen shafe-shafe, abu ɗaya ne ba na gajiya da faɗa. Tsumman da aka shafa man linsid (man irin wani tsiro da ake shafa wa katako) da shi yana iya kamawa da wuta da kansa in aka dunƙule shi aka jefa a kwando, domin man na fitar da zafi yayin da yake bushewa. A shanya shi a buɗe a waje har ya ƙame, ko a nutsa shi a ruwa cikin gwangwani mai murfi. Sannan a shafa mai siriri-siriri, a goge rarar bayan minti 20 ko makamancin haka. Wanda ya malala shi da yawa, tebur zai yi mako da mako yana danƙo. Shi kuwa efoksi da ake zubawa a kan katako ya zama kamar gilashi, roba ce. Ta rufe katakon, ba ya gyaruwa cikin sauƙi, ba kuma mai sake amfani da shi bayanka. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Mai da kakin zuma sun fi, ko da za a riƙa sabunta su.

Mai saye ma yana da nasa kuskuren, wato yarda da kalmar mai sayarwa. "Katako zalla" na iya nufin itacen da aka saro daga dajin da ke ƙarewa. Madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ke sa wa ido saboda yawan sarar da aka yi mata, don haka tambayar sunan itace da inda ya fito ba fitina ba ce. Tambarin FSC, hukumar da aka kafa a 1993 don tantance katakon da aka saro ba tare da lalata daji ba, yana taimakawa. Allon gora da MDF, wato allon garin katako da aka matse, kuwa da gam ake manne su, wani gam ɗin yana fitar da fomaldihaid, wata iska mai cutarwa, sai a shinshina, a kuma tambaya.

Wani lokacin ma "tsohon katakon" sabo ne aka daka da sarƙa aka rina. A leƙa ƙasan tebur da bayan durowa. Ramin ƙusa na gaske yana da baƙin tsatsa da ya bi katakon ya shiga ciki, ramukan kuma suna bin layin da aka taɓa kafa falankin a kai. Na jabu a warwatse suke, girmansu ɗaya, zurfinsu ɗaya, kuma a fuskar da ido ke gani kaɗai ake samun su.