Yadda Ake Zaɓen Injin Iska Domin Kyauta Ga Mai Gyaran Mota A Gida

A kowace unguwa ta Kano akwai mutumin da ba kanikanci ne sana'arsa ba, amma ranar Asabar za ka tarar da shi a ƙofar gida ya ɗaga bonet, yana juyen baƙin mai ko yana duba birki da hannunsa. Idan irin wannan mutum yayanka ne ko mahaifinka, kuma kana son yi masa kyautar da zai daɗe yana mora, injin matse iska, wato kwamfuresa, yana cikin abubuwan da suka fi dacewa. Sai dai kaya ne da ake yawan saye bisa kuskure, domin ido yana tafiya ga girman tanki da ƙyallin fenti, alhali abin dubawa yana rubuce a ɗan allon da ke manne a jikin injin.

Matakin farko shi ne ka san aikin da yake yi, ko da ta hanyar zama kusa da shi wata rana kana kallo. Idan bukatarsa ba ta wuce ƙara wa taya iska ba, domin ya huta da zuwa wurin mai faci, ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota ya wadatar, tunda yawancin ƙananan motoci ba sa bukatar fiye da psi 30 zuwa 35 a taya (psi ma'aunin ƙarfin matsin iska ne). Idan kuwa yana kwance taya da kansa, yana kuma sha'awar bindigar kwance noti, to injin mai tanki za ka nema.

Mataki na biyu shi ne karanta lambobi, kuma nan ne ya kamata a natsu. Lamba ta farko ita ce ƙarfin matsi, da ake rubutawa da bar ko psi. Yawancin injinan gida suna kai wa bar 8, kimanin psi 116, kayan aikin iska kuma a psi 90 suke aiki, saboda haka wannan ba ta cika zama matsala ba. Lamba ta biyu ita ce ke raba gardama, wato yawan iskar da injin ke fitarwa a minti ɗaya, da lita ko da CFM, inda CFM ɗaya yake daidai da lita 28 da ɗoriya. Bindigar noti mai bakin rabin inci tana cin kimanin CFM 4 zuwa 5, bindigar fenti kuwa takan ci ninkin haka ko fiye. Ka kula, babbar lambar da ake mannawa a jikin tanki sau da yawa ta iskar da injin ke zuƙa ce, wadda ke isa bakin tiyo kuma ba ta kai ta ba. Ka nemi wadda aka rubuta FAD a gefenta, wato ainihin iskar da injin ke fitarwa, ko wadda aka auna a psi 90. A ganina, ga mai gyara a gida tanki mai lita 50 shi ne daidai: mai lita 24 yakan ƙare tun ba a gama taya ɗaya ba, mai lita 100 kuma yana cin wuri a zaure.

Na uku shi ne wuta, kuma a nan ni kaina na yi tuntuɓe. Na taɓa saya wa yayana injin mai ƙarfin doki 2, muka kai shi gida da murna, muka jona shi da ƙaramin janaretan da yake kunna fanka da talabijin. Injin ya yi gunji bai juya ba, janaretan ya shaƙe ya mutu. Sai Yaya ya ce, "Ƙanena, Allah ya saka da alheri, amma sai mun jira wuta." Dalili shi ne doki 2 kimanin wat 1,500 ne, kuma a lokacin tashi motar injin tana jan ninki uku na haka ko fiye. Don haka ka duba janaretan gidan tukuna. Haka nan, wutarmu bolt 230 ce, kayan gwanjon da aka yi domin Amurka kuwa na bolt 120 ne, kuma jona su kai tsaye ƙona su ne.

Daga nan sai zaɓi tsakanin injin da ake zuba wa baƙin mai da wanda ba a zuba masa. Mai amfani da mai ya fi ƙarko da jure zafi, abin da ke da muhimmanci a garin da bazara ke kai maki 40, amma yana son a riƙa duba man ana canzawa. Marar mai ba shi da wannan hidima, kuma ya fi sauƙin ɗauka. Mutumin da ya saba juyen man mota ba zai ji nauyin na farkon ba, shi ya sa na fi karkata gare shi. Ko wanne ka ɗauka, ka tabbata matatar iskarsa tana cirewa kuma ana samun irinta, domin ƙurar hunturu tana toshe ta da wuri.

Idan ka shiga Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, kada ka biya sai an tayar da injin a gabanka. Ka tsaya har allurar ta hau ya kashe kansa, sannan ka kasa kunne ko akwai inda iska ke tsiyaya. Ka ja zoben bawul ɗin kariya, wato wanda ke sakin iska idan matsi ya yi yawa, ka ji ya furzar. Idan na hannu ne, a buɗe ɗan famfon da ke ƙarƙashin tanki: ruwa kaɗan ba laifi ba ne, amma idan ya fito ja da ɓarɓashin tsatsa, ko ka ga alamar walda a jikin tankin, ka bar shi komai arharsa, domin tankin da ya ci daga ciki yana iya fashewa.

Ka rage wani abu a kuɗin domin tiyo mai tsawon mita 10, da ma'aunin iskar taya, da gilashin kare ido. Dogon tiyo ya fi doguwar waya, saboda siririyar waya tana rage wa injin wuta har ya yi zafi. Ranar da za ka miƙa kyautar, ka nuna masa famfon nan na ƙasan tanki, ka roƙe shi ya riƙa tsiyaye ruwan bayan kowane aiki, musamman da damina.